Barazil: kama da wane ba ta wane

 Da yawa daga cikinmu mun daɗe muna shan Barazil a koko da shayi ba mu sani ba. Ku duba buhunan sukari masu kilo 50 da ake jibgewa a manyan shagunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, ku sa yaro ɗan lakwal ya karanta muku abin da aka rubuta a jikinsu, sau da yawa sunan ƙasar nan zai faɗa. Ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da sukari, da kafe, da naman kaji, da naman shanu. Amma in an ce Barazil, abin da yake faɗo mana a rai bai wuce ƙwallon ƙafa ba, da Pele, da kofin duniya 5 da suka ci, sai kuma fina-finan soyayya da ake sa mana a talbijin da Faransanci.

Ƴan kasuwarmu sun san Dubai, sun san Istambul, sun san birnin Gwanzu na ƙasar Sin kamar bayan gidansu. Hanyar Amurka ta Kudu kuwa sabuwa ce ga yawancinsu. Shi ya sa muka bi wata ƴar tawaga, alhazai biyu masu sarin kayan masarufi da wata Hajiya mai sayar da takalma da kayan ado, muka yi kwana 12 tsakanin biranen Sao Paulo da Salvador, domin mu gano muku abin da baƙo yake tararwa. A taƙaice, abubuwan da muke jin tsoro tun daga gida ba su wahalshe mu sosai ba. Waɗanda suka so su kayar da mu su ne waɗanda suka yi kama da namu. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.

Hanya da yanayi

Babu jirgin da yake tashi daga Yamai ya sauka Barazil kai tsaye. Sai an bi ta Kasabalanka, ko Adis Ababa, ko Istambul, a sauya jirgi, kuma in aka haɗa da jiran hanya, tafiyar takan cinye wuni da kwana. Ƙasar ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, biza sai an nema a wata ƙasa maƙwabciya, saboda haka a fara shiri tun da sauran makonni. A riƙe katin allurar rigakafin shawara tare da fasfo.

Mun bar Yamai cikin watan Yuli, damina ta kankama, ana ta zufa. Hajiya ta cika jakarta da atamfa da mayafai marasa nauyi, don an ce mata ƙasar zafi ce. Muna fitowa daga filin jirgin Guarulhos da asuba sai wata iska ta tarbe mu, irin ta watan Janairu a Agadas. Cinikin farko da muka yi a Barazil na rigunan sanyi ne. Dalili shi ne, yawancin ƙasar tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, sai lokuta suka juye. A Sao Paulo zafi da ruwan sama daga Disamba ne zuwa Maris, ɗari kuma daga Yuni zuwa Agusta. Agogo ma ya bambanta: suna bayanmu da awa 4. Lokacin da yaron shagonka yake buɗe ƙofa ƙarfe 9 a Maraɗi, can ƙarfe 5 ne na asuba.

Sai girman ƙasa. Barazil ta ninka Nijar kusan sau 7, mutanenta miliyan 203 ne a ƙidayar 2022. Birnin Sao Paulo shi kaɗai ya haura mutum miliyan 11, in aka haɗa da garuruwan da suka manne masa sun wuce miliyan 20. Kuma duk girman nan ba shi ne babban birnin ƙasa ba, Braziliya ce tun 1960. Daga Sao Paulo zuwa Salvador kusan kilomita 2,000 ne ta mota, wato ya fi Yamai zuwa Difa nisa sosai. Duk wanda ya ce maka masana'antarsa tana nan kusa, ka tambaye shi awa nawa ne.

Fuska irin tamu, baki ba namu ba

Tun a filin jirgi muka hangi wani baƙin mutum cikin rigar ma'aikata, dogo, in ka gan shi a tashar Wadata za ka rantse ɗan Dogon Dutsi ne. Ɗaya daga alhazan ya nufe shi da Faransanci, ya juya zuwa ɗan Ingilishinsa na Dubai, har sallama ya gwada da Hausa. Mutumin murmushi kawai yake yi yana ɗaga babban yatsa. Harshensu Fotugis ne, don Turawan Fotugal ne suka mallaki ƙasar daga 1500 har ta sami ƴanci a 1822. A kasuwa da tasha da ƙananan otal-otal da wuya ka sami mai jin wani harshe. A ƙidayar 2022 fiye da kashi 55 cikin 100 na jama'a sun kira kansu baƙaƙe ko ruwa biyu, saboda haka za ka yi ta ganin fuskokin gida, amma ba za su ji ka ba.

Sauƙin da ke ciki shi ne Fotugis ɗan uwan Faransanci ne. Wanda ya yi lakwal zai iya lalubo ma'anar rubutun allo da na takardar ciniki, ko da kunne bai kama magana ba. Kalmomi kaɗan suna buɗe ƙofa: bom dia, ina kwana, quanto custa, nawa ne, atacado, sari, varejo, sayen ɗai-ɗai. Godiya kuwa, namiji ya ce obrigado, mace ta ce obrigada. Sauran aiki na'urar lissafi da fassarar salula suka yi mana.

Sunayen ranakunsu sun ba mu dariya. Litinin sunanta segunda-feira, Talata terça-feira, Laraba quarta-feira, Alhamis quinta-feira, Jumma'a sexta-feira. Kalmar feira ma'anarta kasuwa, na gabanta kuma ƙidaya ce: ta biyu, ta uku, ta huɗu, har ta shida. Daidai yadda Litinin da Talata da Laraba da Alhamis suka fito daga ƙidayar Larabci. Amma a kula, in an rubuta maka 2ª a takardar alƙawari, Litinin ake nufi, ba biyu ga wata ba.

Kuɗin da aka rubuta a jikin kaya

Kuɗinsu sunansa real, tun 1994. A 2025 real ɗaya yana kewayen sefa 100, wato dala ashirin, real 10 kuma kamar jika guda. Sefa ba ta canzuwa a can, sai a tafi da yuro ko dalar Amurka. Doka ta ce wanda ya shigo da tsabar kuɗi fiye da dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinta, dole ya bayyana wa duwan. Ba a karɓar haraji a kan bayyanawar, amma wanda ya ɓoye aka gano, abin da ya haura yana iya salwanta.

A wani shagon takalma Hajiya ta ga takalmin mata mai kyau, an rubuta 29,90 da manyan baƙaƙe. Ta lissafa jika 3, ta fara ware dozin-dozin a ranta. Sai da mai shago ta buga mata a na'ura sannan muka lura da wani ɗan rubutu a gefe: 10x. Wato biya goma ne, wata-wata. Kuɗin takalmin real 299, kusan jika 30. Haka mutanen ƙasar suke saye, daga firiji har rigar yaro, da katin banki a rarraba biya. Cikakken kuɗin yana nan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Kai baƙo abin da za ka tambaya shi ne à vista, wato biya nan take, kuma sau da yawa akan rage wani abu.

Tsabar kuɗi ma tana ja da baya. A watan Nuwamba na 2020 babban bankin ƙasar ya fito da wata hanyar biya ta salula mai suna Pix, yanzu har mai gasa masara a bakin titi da ita yake karɓa. Baƙon da ba shi da asusu a can ba zai iya amfani da ita ba, sai kati ko takardar kuɗi, kuma in ka miƙa takardar real 100 a ƙaramin ciniki, canji sai an yi yawon nema. A wurin biya za a yi ta tambayarka CPF, lambar mai biyan haraji ce. Don sayen ruwa ko burodi ba dole ba ce, amma layin salula da manyan sayayya sukan nemi ita. Baƙo yana iya samunta, kuma mai niyyar ciniki na gaske gara ya nema tun da wuri.

Taya kaya irin na gida, a faɗi goma ka ce uku, ba ya tafiya a shago. Mai kaya zai ɗauka raini ne, ya juya ga wani. Ragi yana zuwa ne ta yawan abin da ka ɗauka da biya nan take.

Kasuwannin da suka dace da mu

Titin 25 de Março shi ne babbar kasuwar ƴan koli ta Sao Paulo. Larabawan Siriya da Labanan ne suka raya shi tun ƙarshen ƙarni na 19, suna yawon talla da akwati a kafaɗa kafin su kafa shaguna. Yau akwai ƴan Sin da ƴan Koriya da yawa. Cunkoson ya tuna mana da Katako ana gobe salla. Sai dai mun juya kaya da yawa muka ga an rubuta ƙirar Sin. Kayan Gwanzu ne suka ƙetare teku aka ɗora musu harajin Barazil, wanda yake da nauyi. Sayen su a nan a kai Maraɗi asara ce tsantsa.

Unguwar Brás ita ce ta tufafi. Kasuwar dare tana ci tun kafin asuba, manyan motoci suna sauke mata daga kowane lungu na ƙasar, kowacce da ƙatuwar jaka, su sara su koma garuruwansu kafin azahar. Ana kiran su sacoleiras, wato masu jaka. Matan Angola sun daɗe suna wannan hanya da jirgi, don harshensu ɗaya. Hajiya ta tsaya tana kallonsu, ta ce ashe ko'ina mace ce take ɗaukar kasuwa a ka.

Abin da ya cancanci wahalar zuwa shi ne abin da ƙasar take ƙerawa da kanta. Garin Franca ya shahara da takalman maza, Jaú da na mata, Birigui da na yara, Limeira kuma da sarƙa da ƴan kunne masu ruwan zinariya. Duka a cikin jihar Sao Paulo suke. Ga silifa na roba samfurin Havaianas da ake yi tun 1962. Masu takalma su riƙe wannan da kyau: lambar Barazil tana ƙasa da tamu da biyu. Abin da suka rubuta 38, a ƙafar mai sayenka 40 ne. Wanda ya yi odar kwali 100 bai san haka ba, ya ɗauko wa kansa kwantai.

Alhazan kuwa sukari ya kai su. Abin da suka gano shi ne, ba a sayen sukarin fitarwa a rumfa. Manyan kamfanoni ne suke haɗa kai da masana'antun rake, kaya su fita ta Santos, tashar jiragen ruwa mafi girma a yankin, kimanin kilomita 70 daga birnin. Farashi yana bin kasuwar Landan da ta Niyok. Dillalan WhatsApp masu turo hoton buhuna da takardu masu hatimi, su faɗi kuɗin da ya gaza na kasuwar duniya, su ce a turo kafin alƙalami, yawancinsu ba su da ko ƙwaya ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowane kamfani na gaske yana da lambar rajista da ake kira CNPJ, ana iya duba ta a shafin ma'aikatar harajinsu, kuma biya ya bi ta banki da takardar lamuni. A lissafa har da hanya: tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, kwanaki da kuɗin kamiyo sun ƙaru.

Shinkafa da wake, amma a tambaya

Ranar farko da muka shiga gidan abinci, sai muka ga kamar mun dawo gida. Shinkafa da wake shi ne abincin kowa, kullum, attajiri da lebura. Ga garin rogo soyayye da suke kira farofa, ga soyayyen rogo, ga kuɓewa, ga ruwan rake. Tsarin ma ya burge mu: ka ɗauki faranti ka zuba abin da kake so, a ɗora a sikeli, ka biya nauyinsa. Nan take kowa ya koyi barin haɗama.

Muna shirin kai loma sai wani ɗan Labanan da ya ji muna bisimilla ya tsai da mu, ya nuna mana wasu ƴan jajayen gutsattsari a cikin waken da garin rogon. Naman alade ne. Haka ake ɗanɗana wake a gidaje da yawa, kamar yadda muke sa daddawa. Akwai kuma babban abincinsu feijoada, baƙin wake da sassan alade, wanda gidajen abincin Sao Paulo suka saba yi Laraba da Asabar. Ga kalmomin da Musulmi zai rubuta a takarda ya sa a aljihu: porco, bacon, linguiça, presunto, toucinho, banha. In ka ce sem porco, wato ban da alade, za su gane, kuma ba sa jin haushi.

Wani abin mamakin, Barazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da naman halal. Kajin da ake ci a Saudiyya da Dubai da yawa daga nan suke, shanunta sun haura miliyan 230, sun fi mutanenta yawa, akasarinsu farare masu tozo kamar namu. Amma naman yankan Musulmi na fitarwa ne, a mahautar unguwa da wuya ka same shi. Sai a gidajen abincin Larabawa na wajajen Brás da Pari, ko mutum ya tsaya ga kifi da ƙwai.

A nan ne kuma muka san cewa rogo da gujiya da abarba da kashu duk asalinsu Amurka ta Kudu ne, jiragen Fotugal suka kawo su Afirka. Gujiyar da ta gina arzikin Maraɗi da Damagaram a shekarun 1950 da 1960, ashe baƙuwa ce daga wannan yanki.

Gaisuwa, sutura da salla

Wani mai masana'anta ya tarbe mu a ofishinsa, ya rungume alhazan ɗaya bayan ɗaya yana bubbuga bayansu, sannan ya nufi Hajiya zai sumbace ta a kumatu. Ta ja da baya har ta kusa ture kujera. Mutumin ya ji kunya ƙwarai. A wurinsu gaisuwa ce kawai, sau ɗaya a Sao Paulo, sau biyu a Rio de Janeiro. Maganinta sauƙi gare shi: ka riga shi ɗora hannu a ƙirji ka ɗan sunkuya da murmushi. Babban yatsa a sama yana nufin komai lafiya. Amma haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, zagi ne, a kiyaye.

Sutura sai dai a kau da kai. Gajeren wando da ƴar shimi su ne kayan yawo na maza da mata, balle a bakin teku. Sai dai kada wani ya ɗauka sutura gayyata ce. Tun 2018 taɓa mace ba da yardarta ba, ko a cikin cunkoson mota ne, laifi ne na ɗaurin shekara 1 zuwa 5. Su ma ba su dami Hajiya da hijabinta ba, iyaka wasu mata su tsai da ita su yaba atamfarta. Mutane ne masu tsabta: wanka sau biyu a rana, goge baki bayan abincin rana ko a wurin aiki, kuma ba sa taɓa abin ci da hannu sai da ƴar takarda. A banki da kanti akwai layin tsofaffi daga shekara 60, da masu ciki, da masu goyo, da naƙasassu, doka ce tun 2000. Mako ɗaya kuma ba na ciniki ba ne: bikin Karnabal, cikin Fabrairu ko Maris, lokacin da harkoki suke tsayawa.

Kwana 12 ba mu ji kiran salla daga ɗaki ba. Musulmi kaɗan ne, ƙidayar 2010 ta sami kimanin 35,000, ko da yake ƙungiyoyinsu suna cewa sun fi haka nesa. Akwai masallatai a Sao Paulo, mafi daɗewa shi ne Mesquita Brasil a unguwar Cambuci, akwai kuma na Pari kusa da kasuwar tufafi, inda muka yi Jumma'a. Alƙibla gabas ce mai ɗan karkata arewa, kusan yadda take a Maraɗi. A tafi da buta da darduma.

Ƙosan Bahiya

Jirgi ya kai mu Salvador, babban birnin jihar Bahiya, cikin awa biyu da ɗoriya. A bakin wani dandali muka ji ƙamshin da ba ya ɓuya. Wata dattijuwa ce cikin fararen kaya da ɗaurin kallabi, zaune gaban kasko, tana yanka ƙullun wake da cokali tana sakawa a manja. Ƙosai ne, babu ko tantama. Sunansa acarajé, daga akara na Yarabawa. Bambancin shi ne ya kai girman dunƙulen hannu, ana tsaga shi a cusa masa wani kwaɗo mai kauri da kuɓewa da busasshen jatan lande da tonka. Tun 2005 gwamnati ta sa sana'ar waɗannan mata cikin kayan gadon ƙasa. Hajiya ta daɗe tsaye a kanta, ba mai jin wani, suna ta nuna wa juna yadda ake buga ƙullu.

Yadda ƙosai ya je can ba labarin daɗi ba ne. Fiye da ƴan Afirka miliyan 4 aka sauke a Barazil a matsayin bayi, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta hana bauta, ranar 13 ga Mayu 1888. Cikinsu akwai Hausawa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, waɗanda suka sa Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri, sun bar kamammu da yawa, wasu aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, aka loda su zuwa Bahiya. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a Salvador. A 1814 suka sake tashi, takardun hukuma suna kiran jagoransu malomi, wato malami. A daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmi kimanin 600, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito cikin fararen riguna da layu. An kashe kimanin 70. Cikin waɗanda aka kama akwai wani dattijo Bahaushe da ake kira Dandara, ɗan kasuwa mai sayar da taba, wanda yake koyar da karatu a shagonsa. Rubuce-rubucen Larabci da aka ƙwace a lokacin suna nan ajiye a ma'ajiyar tarihin jihar.

Bayan tawayen an koro da yawa zuwa Afirka, wasu kuma suka dawo da kansu. Masu zuwa Kwatano da suka taɓa ganin babban masallacin Porto-Novo, mai fasali kamar cocin Bahiya, aikin zuriyarsu ne. A can kuwa Musuluncin bayin ya dushe a hankali, Hausa ta ɓace daga bakin jikoki. Kama ta saura, da kasko.

Saƙon da ba a karɓa

Tsaro shi ne abin da aka fi tsorata mu da shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Gidaje da dogayen katangu da wayar lantarki, unguwannin talakawa manne da benayen attajirai. Fizgen salula ya yi yawa a tsakiyar Sao Paulo, masu keke da babur ne suke yi. Muka koyi shiga shago kafin mu amsa kira, Hajiya ta tuɓe zinariyarta ta bari a otal, kuɗi kuma muka rarraba a jiki. Shawarar kowa ɗaya ce: in an tare ka, miƙa, kada ka yi gardama. Lambar ƴan sanda 190, ta motar asibiti 192. Asibitin gwamnati kyauta ne, har ga baƙo. Da wannan kiyayewa ba abin da ya same mu.

Haɗarin da ya fi girma da Hausa ya zo mana. Ana jibi za mu taso, wani saurayi ɗan yankinmu na Afirka ta Yamma ya same mu a wani gidan abinci. Ya gaishe mu da harshen gida, ya durƙusa wa Hajiya yana kiran ta Inna, ya biya kuɗin shayinmu. Bayan kwanaki cikin kurman gari, sai muka ji kamar an yaye mana wani nauyi. Kashegari ya dawo da ƴar jaka, wai takalma ne da man shafawa za a kai wa mahaifiyarsa, wani zai karɓa a filin jirgi, har da ɗan abin goro na wahala. Babban Alhajin ya ce a buɗe jakar a zazzage a gabanmu, a farke tafin takalmin. Saurayin ya ce bari ya amsa waya a waje. Har muka bar ƙasar ba mu sake ganinsa ba.

Ba mu san abin da ke cikin jakar ba, amma mun san hanyar. Filin jirgin Guarulhos yana cikin manyan ƙofofin da hodar iblis take bi zuwa Afirka da Turai, ƴan sandan tarayya da karnukansu suna sa ido ƙwarai a kan jiragen da suka nufo mu. Dokar 2006 ta yanke ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga mai fataucin ƙwaya, ana ƙarawa in za a ƙetare iyaka da ita. A garin Itaí, kusan kilomita 300 daga Sao Paulo, akwai gidan kaso da ake tsare baƙi, kuma ƴan Afirka suna da yawa a ciki. Cewa saƙo ne aka ba ni ba ta fid da kowa. A tasoshinmu karɓar saƙo zumunci ne, ba a ma tambayar abin da ke ciki. A can yana iya raba mutum da shagonsa da iyalinsa da mutuncinsa shekara da shekaru.

Mun dawo Yamai lafiya. Hajiya ta zo da samfurin takalma da sarƙoƙi kaɗan don ta gwada kasuwa kafin ta zuba jari. Alhazan ba su sayi ko buhu ɗaya ba, sun dawo da adireshin kamfanoni biyu da suka gani da idonsu, da kuɗinsu cif a aljihu, kuma suna ganin wannan ma riba ce. Mai niyyar zuwa ya tafi da rigar sanyi in Yuli ne, da takardar kalmomi, da na'urar lissafi. In ya ga abin da ya yi kama da na gida, a faranti ne, ko a jikin kaya, ko a bakin mutum, ya dakata ya tambaya tukuna. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gidansa lafiya.